Rudolf Manga Bell: Sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye kan rikicin fili

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Duwala sarin kaya, ko daga Kusiri ya taso, ko Garwa, ko Mubi, ko Kye-Ossi, da wuya ya koma gida bai taka New Bell ba. Nan babbar kasuwa take, nan masallatanmu da masu masaukinmu suke, nan ake jin Hausa da Fulatanci kamar mutum yana tsakiyar Marwa. Amma idan aka tambayi jama'a ko wane ne wannan Bell da unguwar ke ɗauke da sunansa, kuma me ya sa ake ce mata sabuwa alhali ta haura shekara 100, ƙalilan ne za su iya ba da amsa. To, Bell sunan gidan sarauta ne na ƙabilar Duwala, kuma Turawan Jamus ne suka yanka unguwar domin su kwashe mutanen wannan gida daga bakin ruwa su zuba su a ciki. Sarkin gidan na wancan lokaci, Rudolf Duala Manga Bell, ya ce bai yarda ba, wanda hakan ya kai ga rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Tarihinsa da na gidansu ne filin namu zai waiwaya a yau.

Sunan Bell ya samo asali ne daga kakan gidan, Bele ba Doo, wanda ya yi zamani tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, sai bakin fataken Ingila ya mayar da Bele ya koma Bell. Su Duwala mutanen ruwa ne, masunta da masu kwalekwale, da ke zaune a gaɓar kogin Wuri inda yake shirin faɗawa teku. Arzikinsu kuwa bai wuce sana'ar da kowane mai karanta wannan shafi ya sani ba, wato dillanci. Bature ba ya wuce bakin ruwa, jirginsa na tsaye a kan kogi, shi ne kantinsa shi ne ɗakin kwanansa. Mutumin cikin ƙasa mai manja da ƙwarar manja da hauren giwa shi ma ba ya isowa wurin Bature. Ɗan Duwala ne a tsakiya. Yakan karɓi yadi da gishiri da bindiga da taba bashi a hannun Bature, ya shiga rafuffuka da kwalekwale, bayan watanni ya dawo da kaya a yi lissafi. Kafin zamanin manja kuwa, gaskiya ɗaya ce, bayi ake sayarwa ta wannan hanya. Ban da riba, kowane kamfanin Turawa yana biyan sarakunan wani kuɗin izinin ciniki da ake kira kumi. A kan wannan kumi da wannan dillanci ne gidan Bell da gidan Akwa suka daɗe suna hamayya, ga kuma Deido da Bonaberi kowa na jan nasa.

Kakan Rudolf, Ndumbe Lobe Bell, shi ne Sarki Bell da ya sa hannu tare da Sarkin Akwa da wasu hakimai a yarjejeniyar ranar 12 ga Yuli, 1884. Abin lura shi ne ba da gwamnatin Jamus kai tsaye aka ƙulla ta ba, da wakilan kamfanoni biyu ne na birnin Hamburg, wato Woermann da kuma Jantzen da Thormählen, su kuma suka miƙa wa gwamnatinsu. Bayan kwana biyu Gustav Nachtigal ya kafa tutar Jamus a bakin Wuri. Wannan Nachtigal ba baƙo ba ne a tarihin ƙasashenmu na arewa, domin shi ne ya kai wa Shehu Umar na Borno kyaututtukan Sarkin Prusiya a Kukawa cikin 1870. Jakadan Ingila, Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar an riga an gama ciniki.

Takardar ba ta da tsawo, amma akwai sharaɗi ɗaya a cikinta da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa ne komai ya faru daga baya. Sarakunan sun miƙa mulki da shari'a, amma an rubuta cewa filayen da suke nomawa da wuraren da garuruwansu ke zaune za su ci gaba da zama mallakarsu da ta magadansu. Haka kuma za a ci gaba da biyansu kumi. Ba kowa ya yarda da wannan ciniki ba. Lock Priso na Bonaberi ya ƙi sa hannu, kuma a watan Disambar shekarar jiragen yaƙin Jamus suka yi wa garinsa luguden wuta. Tun daga nan aka san gidan Bell a matsayin gidan da ke tare da Jamusawa.

Bai ɗauki dogon lokaci ba su Duwala suka gane cewa baƙon da suka sauka ba ya son dillali. Kamfanonin Jamus suka fara kutsawa cikin ƙasa da kansu, sojoji na share masu hanya. Daga 1899 zuwa 1902 suka ci Tibati da Ngaundare da Garwa da Marwa, kuma ba za mu ɓoye ba, cikin sojojin hayar da Jamusawa suka yi aiki da su a Kamaru akwai Hausawa. Mahaifin Rudolf, Manga Ndumbe Bell, wanda ya yi karatu a Bristol ta Ingila kuma ya hau sarauta bayan rasuwar mahaifinsa a 1897, mutum ne mai hangen nesa. Da ya ga dillanci na mutuwa sai ya juya ga noman koko a gaɓar kogin Mungo da sayar da katako da gina gidajen haya. Shi ne ya gina gidan nan mai hawa-hawa na Bonanjo a 1905, wanda jama'a ke kira Pagode.

An haifi Rudolf a Duwala cikin 1873, shi ne babban ɗa. Yana ɗan shekara 11 aka kafa tutar Jamus, don haka idonsa ya buɗe ne a cikin mulkinsu. A 1891 gidansu suka tura shi Jamus karatu, inda ya zauna a wani ƙaramin gari mai suna Aalen a kudancin ƙasar, a gidan wani malamin makaranta da ake kira Oesterle, daga bisani ya wuce babbar makarantar sakandare ta birnin Ulm. A can aka yi masa baftisma, ya iya Jamusanci kamar ɗan ƙasa, ya kuma san yadda dokokinsu da majalisarsu da jaridunsu ke aiki. Ya dawo gida gab da rasuwar kakansa, ya auri Emily Engome Dayas, 'yar wani ɗan kasuwa Bature ɗan Ingila da mahaifiya 'yar Duwala, ya kuma kama aiki da gwamnatin mulkin mallaka. An haifa masu ɗansu na fari, Alexandre, a watan Disambar 1897.

A 1902 ya raka mahaifinsa Balin domin kai kuka kan mulkin Gwamna Jesko von Puttkamer, wanda ya yi ƙaurin suna wajen bulala da aikin tilas. A wannan tafiya ce aka bar ƙaramin Alexandre a Jamus domin ya tashi a can, yaron da bai cika shekara 5 ba. Mutumin da ke shirin yi wa ƙasa tawaye ba ya kai mata ɗansa riƙo. Ko a 1905, lokacin da sarakunan Akwa suka aika wa majalisar dokokin Jamus, wadda ake kira Reichstag, takardar koke kan Puttkamer, har aka yanke wa Sarkin Akwa ɗaurin shekara 9 a shari'ar farko, gidan Bell bai sa hannu ba. Mun kawo wannan ne domin a san cewa Rudolf ba ɗan adawa ba ne tun asali. Mutumin Jamusawa ne, ya yarda da su, ya yarda cewa abin da aka rubuta aka sa wa hannu yana da daraja a wurinsu.

Mahaifinsa ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1908, ya bar masa sarauta da gonaki da gidaje da kujerar alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta 'yan ƙasa, ya kuma bar masa bashin da ya kai mark 7,000. An yi bikin naɗinsa a 1910. Ya riƙa biyan bashin a hankali, har ya zuwa 1913 gonakinsa na koko sun kai hekta 200.

A shekarar da aka naɗa shi ne babban jami'in mulki na Duwala, Hermann Röhm, ya fito da shirin da ya ruguza komai. Shirin ya ce a kwashe 'yan ƙasa gaba ɗaya daga bakin kogi, Bell da Akwa da Deido, mutum sama da 20,000, a mayar da su can ciki. Bakin ruwa ya zama na Turawa zalla, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tsakanin garin Turawa da na baƙar fata a bar fili mai faɗin kilomita 1 wanda ba wanda zai yi gini a cikinsa. Sababbin matsugunan kuma aka raɗa masu Neu-Bell da Neu-Akwa da Neu-Deido, kalmar neu kuwa sabo take nufi da Jamusanci. Filin da za a karɓe ya kai hekta 903, diyyar da aka fara tayawa kuma fenik 40 ce kan kowane murabba'in mita, alhali fenik 100 ke yin mark ɗaya.

Dalilin da aka bayar shi ne lafiya. Likitocin gwamnati suka ce zazzaɓin cizon sauro daga jikin baƙar fata yake tasowa ya kama Bature, don haka a raba su. Sai dai su waɗannan Turawa da kukunsu da boyinsu suke kwana gida ɗaya, kuma wurin da za a kai jama'a fadama ce mai ruwa kwance, gidan sauro na asali. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. An faɗaɗa tashar jiragen ruwa, an shimfiɗa layin dogo daga Bonaberi zuwa Nkongsamba wanda aka buɗe a 1911, ana kuma gina wani da zai nufi cikin ƙasa ta Edea. Filin bakin ruwa ya zama zinariya, kuma masu shi suna karɓar haya daga kamfanoni suna sayarwa da tsada. Gwamnati na so ta saye shi da arha da ƙarfin doka kafin farashi ya ƙara tashi. Ga masunci kuma, a nisanta shi da inda yake ɗaure kwalekwalensa daidai yake da a ce wa mai shago ya koma bayan gari ya bar bakin kasuwa.

Manga Bell bai ɗauki ko sanda ba. Makaminsa takardar 1884 ce. A watan Nuwambar 1911 sarakunan Duwala suka aika koke zuwa Reichstag, suka sake aikawa a watan Maris na 1912, suna tunatar da Jamus abin da wakilanta suka sa wa hannu. Suka ce idan gwamnati na buƙatar fili don aikin jama'a a zauna a yi ciniki, idan kuma lafiya ake nema a yi magudanun ruwa. Abin da ya fi tayar wa Jamusawa hankali shi ne Bell da Akwa da Deido, waɗanda suka shekara da shekaru ba sa ga maciji, sun haɗa kai sun sa shi gaba ya yi magana da yawunsu. Dabarar raba kan da aka saba mulki da ita ta daina ci.

Ranar 15 ga Janairu, 1913, ya buga wa majalisar waya ta gidan tangaraho yana roƙon a dakata. Hukumar Duwala ta riƙe wayar kwanaki, a daidai ranar kuma aka fitar da umarnin ƙwace filin. Gwamna Karl Ebermaier ya nemi ya ja shi a jiki, ya ƙi, sai aka tuɓe shi daga sarauta ranar 4 ga Agusta, 1913, aka yanke albashinsa. Sakataren harkokin mulkin mallaka, Wilhelm Solf, ya zo Kamaru a wannan shekara ya saurari sarakunan, bai sauya komai ba. Cikin Disamba aka fara rushe gidajen mutanen Bell a tudun Joss, wato Bonanjo ta yau, ana tura su sabon wurin.

Da yake an hana su tura wakilai Turai, sai sakatarensa, Adolf Ngoso Din, ya sulale a ɓoye ya isa Jamus. A Balin ya haɗu da wani lauya mai suna Halpert da ɗan jarida Hellmut von Gerlach, magana ta shiga jaridu, 'yan majalisa na jam'iyyar gurguzu ta SPD da wasu suka ɗauke ta. Batun riƙe wayar tangaraho ya zama abin kunya ga gwamnati, domin ko a dokar Jamus laifi ne. A watan Maris na 1914 kwamitin kasafin kuɗi na Reichstag ya dakatar da kuɗin aikin har sai an yi bayani. Wato baƙar fata daga bakin Wuri ya kayar da ma'aikatar mulkin mallaka a cikin majalisarta, da dokarta. A ganinmu wannan nasara ce ta jawo masa igiya, domin daga nan hukuma ta daina neman hujja kan fili, ta koma neman laifin da za ta ɗora masa.

Laifin ya fito ne daga Fumban. A ƙarshen Afrilun 1914 wani mutum ya je wurin Sarkin Bamun, Njoya, ya ce Manga Bell ne ya aiko shi neman goyon baya a juya wa Jamus baya a koma wa Ingila. Njoya, wanda fatakenmu Hausawa suka daɗe da sanin fadarsa, ya sanar da 'yan mishan na Basel da ke garinsa, labari ya kai ga gwamnati, aka kuma miƙa ɗan aiken. Ƙarar gaba ɗaya ta rataya ne a kan maganar bakin wannan mutum, kuma Manga Bell ya musanta. Amma Solf ya kai labarin majalisa, 'yan majalisa suka ji kalmar cin amanar ƙasa suka saki kuɗin. Cikin watan Mayu aka kama Manga Bell a Duwala, aka kama Ngoso Din a Balin aka sa shi a jirgi zuwa gida. Shi kansa Njoya biyayyar ba ta tsirar da shi ba daga baya, domin Faransawa sun raba shi da ikonsa suka kai shi Yawunde, inda ya rasu a 1933.

Manyan lauyoyi biyu na Jamus, Hugo Haase da Paul Levi, sun karɓi aikin kare su, ana sa ran doguwar shari'a wadda duniya za ta saurara. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a farkon Agusta, hanyar teku ta rufe. Ranar 7 ga wata aka gurfanar da su, ba lauyoyinsu, aka gama shari'a a yini ɗaya aka yanke masu hukuncin kisa. Bishop Heinrich Vieter na Katolika da 'yan mishan na Basel da na Baptis suka roƙi gwamna ya yi sassauci, Ebermaier ya ƙi. Mutanen Duwala na ba da labarin cewa a daren ƙarshe an bar shi ya je ya yi sallama da iyalinsa, aka ba shi shawarar ya gudu ta ruwa, ya ƙi, ya koma da ƙafarsa saboda sanin abin da za a yi wa jama'arsa idan aka wayi gari ba ya nan. Washegari, 8 ga Agusta, aka rataye shi tare da Ngoso Din a harabar ofishin 'yan sanda na Bonanjo, yana da shekara 41. A wannan rana ce kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa, shi ma tsohon ɗalibin Jamus ne kuma tsohon sojansu.

Jamusawa ba su ci moriyar filin ba. Ranar 27 ga Satumba, 1914, kwana 50 bayan ratayar, sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Duwala, kuma 'yan Duwala ne suka nuna wa jiragensu hanya cikin rafuffuka. A farkon 1916 mulkin Jamus ya ƙare a Kamaru baki ɗaya. Su Duwala suka ɗauka za a mayar masu da abinsu, har suka rubuta wa taron sulhu na Faris a 1919. Faransa ta ce filin ganimar yaƙi ce da ta gada daga Jamus, ta riƙe Bonanjo ta cika shi da ofisoshinta. Mutanen Akwa da Deido sun tsira da wurarensu saboda yaƙi ya tsayar da aikin kafin a kai gare su. Mutanen Bell kuwa ba su taɓa ɗaukar New Bell gida ba, a tsakiyar shekarun 1920 suka daidaita da Faransawa suka koma unguwar Bali, wadda ke cikin filin nan da aka ce ba mai gini.

Wannan ne ya bar New Bell ga baƙi. Hukumar Faransa ta riƙa tura duk wanda ba ɗan Duwala ba can, Hausawa da sauran Musulmin arewa masu goro da shanu da ƙoli, Bamileke daga yamma, Basa da Ewondo, da mutanen Nijeriya da Dahome da Togo da suka zo aikin tasha da layin dogo. Kowace ƙabila ta kama gefenta da mai unguwarta, abin da ya sa har yau ake cewa New Bell ta Hausawa, New Bell ta Bamileke, New Bell ta Basa. Aka bar unguwar ba tsari ba magudanar ruwa, kuma duk wanda ya yi damina a cikinta ya san cewa kukan da sarakunan Duwala suka yi kan fadama ba ƙarya ba ne. A nan aka gina babban gidan yari, a nan kuma tarzomar jam'iyyar UPC ta watan Mayun 1955 ta fi zafi.

Alexandre, yaron da aka bari a Jamus, yana can aka kashe mahaifinsa. Ya dawo a 1919 yana saurayi, Jamusanci ya fi kama bakinsa fiye da harshen uwarsa, Faransawa kuma suna yi masa kallon ɗan Jamus. Shi ne ya kafa dogon dutsen tunawa da mahaifinsa a 1936 kusa da Pagode. A 1945 aka zaɓe shi wakilin Kamaru a majalisar Faransa, ya zauna a kujerar har 1958, ya rasu a 1966. Wani jikan Rudolf, René Douala Manga Bell, ya riƙe sarautar gidan har rasuwarsa a 2012. 'Yan Duwala suna kiran Rudolf da laƙabin Tet'Ekombo, wato uban ƙasa, kuma duk ranar 8 ga Agusta suna taruwa a Bonanjo domin tunawa da shi.

Tattaɓa kunnensa, Gimbiya Marilyn Douala Manga Bell, wadda ta kafa cibiyar fasaha ta doual'art a 1991, tana cikin waɗanda suka shigar da koke gaban majalisar dokokin Jamus a 2022 suna neman a wanke shi da Ngoso Din daga laifin cin amana. A shekarar ce ƙaramar ministar harkokin wajen Jamus, Katja Keul, ta zo Duwala ta ajiye furanni a wurin da aka rataye su. Birnin Ulm ya sa wa wani dandali sunansa a 2022, Aalen ta bi sahu a 2023. A Balin kuma, ranar 2 ga Disamba, 2022, aka cire allon wani dandali da ke unguwar Wedding aka kafa sabo mai ɗauke da sunan Manga Bell, domin girmama Rudolf da matarsa Emily. Sunan da aka cire daga dandalin shi ne na Gustav Nachtigal.